Habibu da Hannun Aro

A gidan hayarmu na Jikwoyi, can gefen Abuja, mai ɗaki goma sha ɗaya da bayi biyu, babu wanda bai san Oga Habibu ba, kuma babu wanda ya nemi ya san shi. Shi yake kawo kansa. Masinja ne a wata ma'aikatar tarayya, aikinsa ɗaukar fayil daga hawa na biyu zuwa hawa na biyar. Amma in ka ji shi a ƙofar gida da yamma, sai ka rantse minista ba ya karya kumallo sai ya ji ta bakinsa. In an tambaye shi a ofis inda yake zaune, sai ya ce, "Can bayan Asokoro." Kuma bai yi ƙarya ba, bayan Asokoro ne, unguwar manya, in ka yi haƙurin awa biyu a gosulon Nyanya.

Wata Talata ya yanke jiki ya faɗi a matakalar ofis, fayil a hannu. Aka kwashe shi zuwa wani asibiti a cikin gari, aka auna, aka ce hawan jini ne da ciwon suga, duka biyun. Wani ne da ya dawo gida jiki a sanyaye. Habibu ya dawo yana gyara hula.

"Ciwon manya ne," ya sanar da mu a tsakar gida. "Yawan tunanin ƙasa ke kawo shi. Ba a samun sa a jikin kowa da kowa."

Iya Batulu, tsohuwar da ke suyar waina a bakin ƙofa, ta juya waina ɗaya a tanda ba ta ko ɗago kai ba. "Ashe ni ma babba ce ban sani ba. Shekara tara ina fama da su duka biyun."

"Naki na tsufa ne, Iya. Nawa na aiki ne."

"To Allah ya sa na'ura ta san bambanci."

Na'urar da take nufi ta wani tsari ce da asibitin ya fito da shi don masu ciwon da ba ya warkewa. Maimakon mutum ya kashe yini guda a hanya da layin ganin likita, sai su ba shi abin awon jini da na awon suga ya tafi da su gida. A haɗe suke da waya. Da ka auna, sakamakon ya isa asibiti kafin ka cire hannu. Akwai nas mai duba lambobin kullum, ranar Juma'a ta kira ka ta bidiyo, in magani ya kusa ƙarewa a aiko shi da mai babur. Iya Batulu ta yi wata shida a tsarin. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ta san maɓallin da ake dannawa, kuma ƙafarta da ta saba kumbura kamar ƙosai ta koma shiga takalmi.

Habibu ma aka sa shi, aka haɗa shi da nas ɗin da ke kula da Iya, wata Sista Juliet, mai Hausar 'yan Abuja, wadda ba ta ɗaukar wasa.

Satin farko ya auna kansa da gaskiya. Kafin Juma'a ta zo wayarsa ta yi ƙara sau huɗu.

"Oga Habibu, jininka ta hau sosai fa. Me ka ci jiya?"

"Ɗan abin taɓawa ne, Sista."

"Wane irin abin taɓawa?"

Matarsa Luba ta leƙo ta bayan kafaɗarsa. "Tsire tsinke shida, Sista, da lemon kwalba biyu. Da safe kuma shayi cokali huɗu na suga, da madarar gwangwani."

"Yauwa, madam, na gode. Daga yau ke ce likita a gidan."

Daga ranar rayuwar Habibu ta koma faten acca, kwaɗon zogale da miya mai gishiri kamar an yi rowarsa. Sista ta kuma ce ya riƙa tafiyar ƙasa ta rabin awa kullum. Luba ta ɓoye gwangwanin suga a ɗakin maƙwabciya. Kwana tara ya jure, yana tauna ganye yana kallon rufin ɗaki. A rana ta goma muka gan shi ya fito yana murmushi shi kaɗai.

"Kun san matsalar Bature?" ya ce wa mazan da ke zaune a benci. "Yana ƙera abu, amma ba ya tunani har ƙarshe. Ni kuwa in na kalli na'ura sau ɗaya, na gama karanta ta."

Abin da ya karanto shi ne, na'ura ba ta da ido. Hannu take gani, ba fuska ba.

Akwai wani mai ruwa da ke kawo mana ruwa kowace safiya, sunansa Musbahu, mutumin wani ƙauye a Jigawa. Ya kai shekara arba'in, ba ƙiba ko ta ƙwayar gero a jikinsa, kullum yana tura kura mai jarka goma sha biyu daga bohol zuwa saman unguwa. Habibu ya ce wa Luba sabis ba ya kamawa a ɗaki, sai a bayan gida wajen tankin da ya fashe. Can ya tare Musbahu.

"Malam Musbahu, ka yi sa'a. Gwamnati ta ɗora mini duba lafiyar ma'aikatan ruwa na yankin nan. Da kai zan fara."

"Ni kuwa lafiyata ƙalau, Oga."

"Kai ka sani ko gwamnati? Miƙo hannu."

Na'ura ta kumbura, ta matse, ta saki. Ɗari da goma sha takwas bisa saba'in da shida. Habibu ya sa sabuwar allura ya tsaga masa ɗan yatsa. Suga tamanin da tara. Lambobin suka tafi asibiti da sunan Habibu. Ladan Musbahu kuwa, kular zogalen da Luba ta zuba wa mijinta ya tafi da ita ofis. Haka suka riƙa yi safe da yamma. Musbahu na cin ganye yana ƙara lafiya, Habibu na tsayawa a Karu wajen mai tsire yana ramuwar kwana tara.

"Oga," Musbahu ya ce a sati na biyu, yana hura yatsunsa, "wannan gwamnatin ba ta ƙoshi da jini ne? Da yatsun nan fa nake riƙe kura."

"Ka yi shiru, ana rubuta sunanka a sama."

Ranar Juma'a Sista Juliet ta kira, fuskarta cike da fara'a. "Kai, Oga Habibu! Ban taɓa ganin irin wannan ba. Me kake yi haka?"

"Tsari ne, Sista. Mu da muka saba da aikin gwamnati, in mun sa abu a gaba sai mun ga bayansa."

"Amma fuskarka ta cika fa."

"Kyamarar ce. Wayar tana ƙara wa mutum kumatu."

Wata biyu ana haka, likita ya duba lambobi masu kyau kamar an zana su da rula, ya rage masa magani rabi. Habibu ya ɗauki sabon kwalin ya zagaya da shi ɗaki ɗaki. Da ya iso wajen tandar Iya Batulu sai ya tsaya, ya sa hannu a ƙugu.

"Iya, shekara tara kina abu ɗaya. Ni wata biyu na gama da shi. Ilimi daban ne."

"Haka ne. Sai dai layin bayin gidan nan bai samu labarin warkewarka ba. Jiya sau goma sha ɗaya ka shiga, na ƙirga."

"Aikin da kike yi ke nan, ƙirga masu shiga bayi?"

"Tandata na kallon ƙofar. Kuma mai lafiya ba ya shanye ruwan leda shida kafin azahar. Ɗan nan, ka ji tsoron Allah ka ji tsoron jikinka."

"Hassada ce," Habibu ya ce mana, ya wuce. Bai yi taku goma ba ya karkata zuwa bayi.

A tsakiyar wannan farin ciki abubuwa biyu suka faɗo masa rana ɗaya. Na farko, Sista Juliet ta kira ta ce asibiti zai yi taron cikar tsarin shekara guda nan da sati biyu, a wani babban zaure a Garki, kuma shi aka zaɓa ya yi jawabi a matsayin majinyacin da ya fi kowa samun sauƙi. Za a ba shi takardar yabo, 'yan jarida za su zo. Na biyu, ruwan farko ya sauka a arewa, Musbahu ya jingine kura ya tafi gida shuka, bai ko yi sallama ba.

Habibu ya kwana ɗaya bai aika awo ba, wayarsa ta fara ƙara. Ya gwada ɗiga ruwan zoɓo a kan tsinken awon suga, na'ura ta ƙi karɓa. Ya ɗaura abin awon jini a jikin filo, ta yi ta kumbura har ta gaji ta mutu. Mai hankali a nan zai tsaya. Habibu ya tafi kasuwar Karu ya sayo farar riga ta gwanjo, ya fito da tebur ƙofar gida, ya manna kwali ya rubuta: AWON LAFIYA KYAUTA, DAKTA HABIBU. A bayan rigar akwai sunan wani gidan burodi da hoton alkama, don haka ya riƙa zama bayansa manne da bango. Ita kuwa Luba, ya ce mata asibiti ne suka roƙe shi ya wayar da kan jama'a, kuma awon mutanen waje ba ya shiga waya.

Jama'a kuwa suka zo, abin kyauta ne. Ranar Litinin ya auna wani mai gyaran takalma, lamba ta yi kyau. Ranar Talata ya kama wani ɗan okada, mai haya da babur, da ya gama dambe da fasinja a kan canji, jininsa ɗari da saba'in da biyar, zuciya na bugu kamar injin markaɗe. Laraba wata matashiya mai sayar da lemon zaƙi, jininta ƙasa ƙasa. Kowa ya miƙa hannu sai Dakta Habibu ya kalli lamba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ka rage tunani." Har wani mai ciwon haƙori haka aka ce masa.

Ranar Alhamis da la'asar sakaliya, wata maƙwabciyarmu Ikilima, wadda ke azumin nafila, ta biyo ta gaban teburin jiri na ɗibarta. Habibu ya tsaga mata yatsa. Suga hamsin da biyu. Ya ce mata ta rage tunani, ta wuce. Minti uku ba a yi ba wayarsa ta ɗauki ƙara, ya ga sunan Sista ya kife ta. Sai Sista ta kira Luba.

"Madam! Sugan mijinki ta faɗi ƙasa! Oya, ki ba shi ruwan suga yanzu yanzu, kafin ya suma!"

Luba ta fito da gudu ba ko ɗankwali, tana salati. Kafin ka ce me, an karɓo gwangwanin suga daga ɗakin maƙwabciya, an dama a kofin silba, maza biyu sun riƙe Dakta Habibu a kan kujerarsa. Kofin farko ya shanye da kansa, har da lumshe ido. Na biyu ya sha da ƙyar. Da aka kawo na uku ya fara ture hannu.

"Ya isa! Na warke! Wallahi na dawo daidai!"

"Sista ta ce masu wannan hali gardama suke yi," in ji Luba, hawaye na zuba. "Ku riƙe shi! Baban Najwa, don Allah ka haɗiye."

Ya haɗiye. Me zai ce? Ya ce ba yatsansa ba ne? A kokawar kujera ta juya, rabin unguwa ya karanta sunan gidan burodi.

Iya Batulu ta taso daga tanda, ta tsaya a kansa tana kallon gumin da ke tsattsafo masa. "Luba, wannan bai yi mini kama da wanda suga ya yi wa ƙaranci ba. Bari in ɗauko tawa na'urar mu gani."

Habibu ya miƙe zumbur kamar an tsikare shi. "Taki tsohon yayi ce! Ba a haɗa jinin ma'aikaci da na'urar mai waina!" Ya shige ɗaki ya danna sakata.

Washegari Juma'a, Sista Juliet ta kira ta bidiyo, ba fara'a ko kaɗan.

"Oga Habibu, mutum nawa ne a cikin jikinka? Litinin kai saurayi ne, Talata kamar ka yi tsere da mota, Alhamis kamar ka kwana uku ba ka ci abinci ba."

"Jikin babban mutum ne, Sista. Yana tafiya da yanayin ƙasa."

"Ka zo asibiti gobe mu duba ka."

"Ina! Minista na da baƙi duk satin nan, ba zan iya matsawa ko nan da can ba."

Ta kalle shi, ya yi ta gyara wuyan riga. "To," ta ce, "wataƙila na'urar ce ta lalace. Ranar taro za mu ba ka sabuwa. Amma in ka ji kanka na sarawa ko ido na yin duhu, ka kira ni nan take. Ka ji abi?"

Kansa ya kwana huɗu yana sarawa a lokacin. Ya kashe waya ya fito yana dariya. "Na gaya muku. Har ita nas ɗin ta sallama, ta ɗora wa na'ura laifi."

Ranar Asabar ɗin taro ya cika bas guda da 'yan gida da 'yan layi, don kowa ya shaida. Ya ce akwai shinkafa jalof da kaza, saboda haka ba wanda ya ce yana da uzuri. Ikilima ta zo, mai gyaran takalma ya zo, ɗan okada ya ajiye babur ya shiga. Musbahu ma da ya dawo daga shuka ana gobe taro, ya wanke rigarsa ya bi mu. Iya Batulu dama an gayyace ta, ta zauna a kujerar gaba da jakar na'urarta a cinya. Habibu ya sha babbar riga ruwan ƙwai mai aiki har ciki. Kafin a fara, na gan shi da idona a bayan labule da cinyar kaza a hannun dama, lemon kwalba a hagu.

Zauren ya cika da likitoci, majinyata, da masu kyamara. Aka haska wani ƙaton allo, ga sunan Habibu, ga layin awonsa na wata biyu a miƙe sumul. Aka kira shi. Ya hau dandamali yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

"Jama'a, ciwo tsoron mai ilimi yake yi," ya fara. "Wasu shekara tara suna jan abu ɗaya, ba zan kama suna ba. Ni da na tashi, sai na ce wa suga, ko ni ko kai a jikin nan. Na haramta wa kaina nama. Na manta ɗanɗanon zaƙi. Kullum ina tafiyar ƙasa daga Jikwoyi har Karu."

"A kan babur ɗina," ɗan okada ya faɗa daga baya. Aka yi 'yar dariya, Habibu ya yi kamar bai ji ba. Minti ashirin ya yi yana zuba, har ya ba likitoci shawarar su riƙa tuntuɓar sa.

Da ya gama, shugabar likitocin, Dakta Rukayyat, ta karɓi makirfo. "Mun gode, Malam Habibu. Yanzu ga sabuwar na'urarka. Don baƙinmu su ga yadda abin yake aiki, za ka auna a nan, sakamakon ya fito a allo kowa ya gani."

Sista Juliet ta hawo da na'ura a kan faranti.

Habibu ya ja baya taku biyu. "Ai na auna da safe."

"Ba ta shigo ba."

"Babbar riga ce, ba ta naɗuwa."

"Zan taya ka," in ji Sista, ta riga ta yaye hannun rigar.

"Hannun nan na kwana a kansa. Kuma ni in mutane na kallo na, lamba takan ruɗe."

"To rufe ido."

Ta ɗaura, ta danna. Na'urar ta fara kuka tana kumbura. Sai lamba ta fito a allo, kowane adadi ya kai tsawon mutum: ɗari biyu da goma sha biyu bisa ɗari da ashirin da huɗu. Wani likita a layin gaba ya cire tabarau ya goge ya mayar. Aka sake a ɗaya hannun, ya ƙaru da uku. Sista ta tsaga masa yatsa, na'urar suga ta yi tunani, ta ƙi ba da lamba gaba ɗaya, ta nuna alamar abin ya wuce inda take iya ƙirgawa.

"Ta lalace!" Habibu ya ɗaga murya. "Sabuwar ma jabu ce! Zan kai rahoto sama!"

A nan ne Musbahu, bawan Allah, ya ga Oga cikin matsala ya tashi don ya taimaka. Ya ratsa kujeru yana naɗe hannun riga.

"Ranki ya daɗe, ba laifinta ba ne. Ai ba a hannunsa ake sa ta ba. Da nawa ta saba. Ku kawo ku gani, yanzu za ta yi daidai."

"Musbahu, koma ka zauna!" Habibu ya daka masa tsawa.

"A'a, Malam, ƙaraso," in ji Dakta Rukayyat a hankali. "Tun yaushe ta saba da hannunka?"

"Wata biyu, safe da yamma. Aikin gwamnati ne, na ma'aikatan ruwa." Ya ɗaga yatsunsa goma, kowanne da ɗigon tabo. "Ga shaida. Oga ya ce ana rubuta sunana a sama. Shi ne na ce ko yau za a kira ni."

Dariya ta fara daga baya ta gangaro gaba. Sista Juliet ba ta yi dariya ba. Ta sa aka matsar da allon zuwa sati biyun ƙarshe, inda layin ya koma hawa da sauka kamar hanyar Karshi. Ta nuna wani tsini. "Wannan Talatar fa, na waye?"

Ɗan okada ya ɗaga hannu. "Nawa ne, Sista. Amma fasinjan ne ya fara zagi na."

"Ka gan ni bayan taro, kai ma jininka ba daidai ba. Wannan ramin na Alhamis?"

"Ni ce," in ji Ikilima, tana rufe fuska da mayafi. "Azumi nake yi."

Haka Sista ta bi layin rana rana, kowace lamba mai ita na amsawa kamar kiran suna a aji. Masu kyamara har rige-rige suke. Luba kaɗai ce ba ta motsa ba. Tana zaune ta zuba wa mijinta ido.

Habibu ya fizgi makirfo. "Jama'a, ku saurara. Gwaji ne. Ni na shirya shi da gangan don in gano raunin tsarin, in kai wa minis... minis..." Harshensa ya yi nauyi. Ya kai hannu zai dafa tebur, ya dafa iska. Babbar riga ta yi sama, Habibu ya yi ƙasa, sauran cinyar kaza ta faɗo daga aljihu ta gangara har gaban Dakta Rukayyat.

Sa'arsa ɗaya, a gaban likitoci talatin ya faɗi. Da a bayan tanki ne, da wani labarin ake yi. Nan take aka rufu a kansa, aka saka shi a motar asibiti. Likita ya ce wa Luba saura ƙiris ɓarin jikinsa ya shanye.

Taro bai watse ba. Sista Juliet ta kira Iya Batulu, wadda ta ɗaura na'ura da kanta a gaban kowa, ta danna, allo ya nuna ɗari da ashirin da takwas bisa tamanin. Aka miƙa mata takardar yabo, an soke sunan Habibu da biro an rubuta nata a sama. Aka ce ta yi jawabi.

"Ni ban iya jawabi ba," ta ce. "Ina shan magani, ina aunawa, in yarinyar nan ta kira ina faɗa mata gaskiya. Hannun kuma nawa ne. A ba mu shinkafar mu tafi."

Kwana uku bayan haka muka je duba shi a ɗakin maza, gado na shida. Mun tarar Luba na tsaye a kansa, ba ta ko amsa sallamarmu da kyau ba.

"Kofi uku," take cewa. "Ka zauna ka bar ni na ɗura maka kofi uku da hannuna, ka san abin da ke jikinka. Da ka mutu a kujerar nan, me zan ce wa Najwa? In ce ni na kashe mata uba?"

Habibu ya kalli bango.

Sista Juliet ta shigo da takarda. "Za ka koma gida jibi, Oga. Ba mu cire ka daga tsari ba. Amma daga yanzu duk awo ta bidiyo ne, madam ce za ta riƙe waya, in ga fuska, in ga hannu, in ga inda suka haɗu."

Ta fita, Luba ta bi ta karɓo magani. Muka zauna a gefen gado, har na fara jin tausayinsa. Sai ya gyara filo, ya yi gyaran murya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Amma kun ga lambar nan kuwa? Ɗari biyu da goma sha biyar, kuma ina tsaye ina jawabi! Wani ne da tuni an yi sadakar uku. Ina tabbatar muku, duk Abuja ba a taɓa samun jinin da ya hau kamar nawa ba."

Wani tsoho a gado na bakwai, wanda muka ɗauka barci yake, ya buɗe ido ɗaya. "Ɗari biyu da arba'in aka kawo ni da shi," ya ce. "Kuma da ƙafata na shigo."

Habibu ya juya ya kalle shi sama da ƙasa, fuskarsa ta ɓaci. Sannan ya ɗaga kai ya ƙwala wa nas ɗin da ke wucewa kira.

"Sista! Zo ki sake auna ni. Ranar nan ba a ɗaura abin da kyau ba."